Rabin Fuskar Babana

Ranar wata Laraba ce, kwana huɗu bayan Sallar layya, shekarar da na shiga aji uku a lakwal, wato makarantar bokon garinmu, wani ɗan ƙauye da ke gindin dutse kusa da Deule. Hantsi ya ɗaga, sauran naman layya na rataye bisa igiya tsakanin rumbu da iccen dogon yaro, an ba ni karan dawa an ce in tsare shi kada shirwa ta sura. Tsaron nawa kuwa rabi tsaro ne rabi sata, don na laɓe bayan rumbu ina tsinkar kitse ina kaiwa baki. Daga nan na hangi Baba Illa, ƙanen mahaifina, ya zo ya tsaya a bakin ɗakin Inna. Bai shiga ba, dama ba ya shiga. Ya yi gyaran murya ya ce, "Rabi, miƙo mini abin ga. Ya isa haka nan, ba ya ƙara kwana ɗakin ga." Can sai hannun Inna ya fito ta gefen asabari, riƙe da wata ƴar takarda da ba ta kai tafin hannu ba. Baba Illa ya karɓa, ya dube ta, ya girgiza kai, ya je ya zauna bisa turmin da ke kife a gindin icce. Ya ɗora takardar bisa gwiwarsa, ya sa hannu cikin aljihu ya zaro ƴar wuƙar nan tasa ta tsagar kaba. A daidai nan shirwa ta kawo sura, na fito da gudu ina ihu, shi kuma ya juya mini baya.

Na san takardar. Hoton babana ne, kuma duk duniya ba shi da wani hoton sai shi. Mahaifina ya tafi biɗa Abijan tun ban daɗe da yaye ba, kamar yadda rabin mazan Adar ke tafiya da an gama girbi. Wasu su dawo da ruwan farko, wasu sai bayan damina biyu ko uku, shi bai dawo ba. Abin da ya zo mana daga wajensa shi ne turamen zane, da kaset ɗaya mai muryarsa wanda rediyon maƙwabta ta cinye tun a sauraro na biyu, da wannan hoto, baƙi da fari. Ranar da aka kawo shi gida ya cika, hoton na yawo hannu zuwa hannu, ni ina tsalle tsakanin ƙafafun manya. Da aka miƙo mini shi sai na tsaya kallon agogon da ke hannunsa da aljihun rigarsa mai alƙalamin bik a soke. Yaro ne ni, ban san fuskar ya kamata in haddace ba. Bayan shekara biyu aka aiko da labarin rasuwarsa, aka binne shi can, har yau babu wani ɗan gidanmu da ya san inda kabarin yake.

Kwana uku bayan abin da na gani a bayan rumbu, na faki idon mutane lokacin da maza suka tafi masallaci, na shiga zauren Baba Illa na buɗe gafakarsa. Hoton na ciki, an naɗe shi cikin wata ƴar fata da aka yanka daidai girmansa. Na buɗe. Agogo na nan, bik na nan, hula na nan. Fuskar kuwa, ɓangaren hagu ya tafi gaba ɗaya, daga ido zuwa haɓa ba komai sai fari fat, ɓangaren dama kuma ga wasu layuka sun sauko bisa kunci. Ban nemi wani bayani ba, ai na ga wuƙa da idona. Kuma kowa ya san Baba Illa ba ya son hoto, ya sha faɗa a zaure cewa shi dai ba mai ɗaukar sa yana raye. Na mayar da hoton, na fita, na zagaya bayan gari inda ake zubar da toka na yi kuka har na gaji. Daga ranar na yanke wa mutumin nan hukunci: ya kankare fuskar babana da wuƙa.

To ga ni a hannunsa, don shi ne maigida bayan rasuwar yayansa, shi ke ci da mu, ni da Inna da ƙanwata Hassana. Wallahi duk abin da ya yi mini sai na nemo masa mugun nufi. Da asuba idan ya tashe ni mu tafi gandu, ni a gaba da kwaryar iri, shi a baya da sungumi, sai in ce don ni maraya ne. Ƴaƴansa ma fa tare muke tafiya, amma wannan ba na lissafa shi. Idan ya ba ni kunya mafi tsawo a noma in ce mugunta ce, idan ya ba ni gajera in ce ya raina ni. Shekarar da ya yanka mini ƴar gamana, gonar kaina, a bakin fadama ya ce in shuka wake in riƙa sayen kaye, wato littafin rubutu, da bik, sai da na bi iyakar gonar ina dubawa, wai ko tsakuwa ya ware mini. Wake ya yi kyau har ya fi nasa, na ce sa'a ce kawai. Har hurar da yake rage mini a ƙasan kwarya idan mun zauna hutun rana a inuwar gawo, sai na tsaya na ga ya sha tukuna. Kai, Allah ya shirye ni, na yi rashin kirki a zuci.

Abin dariyar shi ne babu wanda ya gane. A wajenmu yaro mai tarbiyya ba ya ɗaga ido ya dubi babba, ni kuwa sai na mayar da wannan garkuwata. Idan Baba Illa na magana ina kallon yatsun ƙafarsa. Na san kowane faso na diddigensa, na san takalminsa na taya da igiyar da ya ɗaure shi da ita, amma fuskarsa na haramta wa kaina. Kwano ɗaya muke ci da dare, hannuna na gamuwa da nasa cikin tuwo, idona na kan miya. Tsofaffin gari suka riƙa yabo na. "Yaron ga na Mahamadu akwai kunya," haka suke cewa, har ana kafa misali da ni ga ƴan'uwana masu tsaurin ido. Ni kaɗai na san abin da ke ƙarƙashin kunyar.

Mai karatu zai ce, to me ya hana ka tambayi uwarka? Wanda ya yi wannan tambaya bai san mene ne ɗan fari ba a ƙasarmu. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai wanga," ko "yaron can," shi ke nan. Idan zan tafi lakwal ba ta miƙa mini ƙosai a hannu, sai ta aje bisa faifai ta juya baya. Idan zazzaɓi ya kama ni Hassana take aikowa ta taɓa goshina, ita tana bakin murhu kamar ba abin da ya dame ta. Sunan babana ma ba ta faɗa, ko Mahamadun wani gida za ta ambata sai ta kewaye. Abin da na fi sani a jikinta shi ne hannunta, don shi nake gani kullum, wajen daka, wajen sussuka, wajen murza hura. Babban yatsanta na dama akwai wani tabo da ya raba shi a karkace, inda magirbi ya yanke ta tun tana budurwa. Mace irin wannan ce zan tsaya gabanta in ce, Inna, ba ni labarin hoton mijinki? Ko kusa.

A lakwal ni ne mai ɓata ardwazi, ɗan allon rubutunmu, da zanen fuskoki. Lokacin da ƴan ajinmu ke waje suna langa ko buga ƙwallon tsumma, ni ina zana rabin fuska ina ƙoƙarin cike ɗaya rabin, in tofa yawu in goge in sake. Mushe, malaminmu, ya sha murɗe mini kunne a kan haka. Shekarar da za mu yi jarrabawar satifika aka kawo mai hoto daga Buza, ya rataya baƙin ƙyalle a bangon aji, muka yi layi an shafe mu da mai. Bayan an ɗauke ni na ƙi tafiya, na tsaya ina tambayar sa ko hoton da ya lalace yana gyaruwa. Ya yi dariya ya ce, "Abin da ya goge ya goge, yaro." Ban yarda da shi ba. Dama ni ban cika yarda da mutane ba.

Wannan taurin kan ne ya kai ni inda nake yau. Ina da ɗan shago a Madawa, ina fotokofi, ina buga takardu, ina ɗaukar hoton kardanti, wato katin shaida, kuma tun da na samu kwamfuta da injin sikana na koyi gyaran tsofaffin hotuna. Mutane na kawo mini wanda gara ta ci, da wanda ruwan ɗaki ya zuba wa, da wanda ya karye a tsakiya don zaman aljihu. Na gyara kakannin mutane da yawa. Nawa hoton kuwa yana cikin akwati. Baba Illa da kansa ya ba ni shi ranar sunan ɗana na fari, bayan an watse, cikin fatar nan dai. Ya ce, "Ga ajiyarka, yanzu ka zama uba." Na karɓa da hannu biyu idona na ƙasa, na yi godiya, a raina ina cewa, dubi ƙarfin hali, ya ɓata abu kuma ya kawo shi kamar kyauta. Na kasa buɗe shi shekara da shekaru. Sai bana, da Hassana ta kira ni ta ce yanar ido ta fara rufe wa Inna gani, har tana zuba gishiri a madadin kanwa. Na ce idan ban gyara shi yanzu ba, babu sauran mai duba mini ya ce e, shi ne, ko a'a, ba shi ba ne.

Na rufe shago bayan azahar, na goge gilashin sikana sau uku, na kwantar da hoton. Da ya fito bisa allon kwamfuta, babba kamar faifai, sai da na tashi na sha ruwa. Na aje asalin gefe guda, na yi aiki bisa kwafi, haka ƙa'idar take. Na fara da abin da hannuna ya saba: ɗigon ƙuda a bango, karyewar kusurwa, launin da ya koma ruwan ƙasa. A manhajar akwai wani abu kamar hatimi, ka ɗebo wuri mai lafiya ka manna bisa wuri mai ciwo, kaɗan-kaɗan, da shi na ɗinke rigar da hular. Agogon ya fito har ana ganin allurarsa. Da na zo kan fuska sai hannuna ya ƙi. Nan na yi abin da nake hana kaina yi wa hotunan mutane, na danna maɓallin nan da ke gyara fuska da kansa. Kafin in ƙifta ido ga mutum ya bayyana, ido biyu, kunci sumul, layukan nan duk sun ɓace, har da wani ɗan murmushi da ban san inda aka samo shi ba. Wani ɓangare na zuciyata ya ce anya. Ɗaya ɓangaren ya ce, yau na goge ɓarnar Baba Illa. Na buga shi a takarda mai ƙyalli, washegari na hau mota zuwa gida.

Na tarar da Inna tana tsintar wake a inuwar rumbu. Na gaishe ta, na aje hoton bisa faifai kusa da ita, yadda ita ma take aje mini ƙosai. Ta ɗauka, ta kai shi dab da idonta, ta matsar, ta sake kusantowa. Ta ce, "Wa ne na wanga?" Na ce ta duba da kyau. Ta ce, "Agogon na gane shi. Mutumin ban san shi ba. Ina askar gidansu? Ko an ce maka shi baƙo ne?" Ta mayar da shi bisa faifai ta ci gaba da tsintar wakenta. Aska! Tsagar da wanzami ke yi wa ƴaƴan gidanmu a kunci, wadda aka daina kafin a haife ni. Ai na sani, wa bai sani ba? Amma tun ina ɗan shekara takwas na sa wa layukan nan suna, na ce sawun wuƙa ne, kuma ban taɓa komawa na sake tambayar kaina ba.

Ranar ban kwana garin ba. Da na isa shago na fito da asalin hoton na kai shi bakin taga, na karkata shi yadda hasken la'asar zai bi ta kansa a kwance. Inda aka kankare takarda da ƙarfe yana nunawa, dole ka ga rami. Babu rami ko ɗaya. Na koma kwamfuta na ƙara girman kuncin dama har ya cika allon. Layukan sun bi lanƙwasar kunci, kowanne da ƴar inuwarsa, tsofaffi, warkakku, a jikin mutumin suke tun kafin ya zauna gaban mai hoto. To farin wurin fa? Na matsa can, na rage haske, na ƙara duhu, na sake ƙarawa. Sai wasu siraran zobba suka fara fitowa, ɗaya cikin ɗaya. Na san abin, na sha ganin sa a hotunan da aka taɓa da jiƙaƙƙen hannu: fuskar hoto idan ta jiƙe tana laushi, ta ɗauki sawun yatsa ta riƙe. Amma wannan ba taɓawa ɗaya ba ce, shafa ce bisa shafa har ta cinye fuskar, sai ta ƙarshe ta zauna. Kuma a tsakiyar zobban nan ga wani layi ya ratsa a karkace. Na daɗe zaune ina kallon sa. Yatsan da ya murza mini hura tun ina rarrafe, ina zan kasa gane shi?

Na koma gida ranar Juma'a. Ban ce wa Inna komai ba, kuma ban kai mata abin da na gani ba, wa zai yi wa uwarsa haka? Na dai zauna nesa kaɗan, idona ya sauka bisa hannunta na dama, ya daɗe a wurin. Da ganin nata da rashin ganin, ta ji. Ta janye hannun ta tura ƙarƙashin zane. Can ta ce, tana kallon wani wuri daban, "In fuskar kake biɗa, tafi ka gai da babanka Illa. Wanzami guda ya yi musu, kuma ko uwarsu takan kira wanga da sunan wancan."

Yana zaune a zaure yana tufkar igiya, ƴar wuƙar na gefensa, ta cinye har ta zama kamar tsinke. Na durƙusa na gaishe shi, sannan na yi abin da ban yi ba shekara talatin da wani abu: na ɗaga kai na dube shi. Ga goshin, ga hancin, ga tsagar ta sauko daga gefen ido zuwa haɓa, dama da hagu. Ya bar tufkar. Ya ce, "Issufu, yau ka ga dama?" Ya ƙara da cewa, "Na san ka buɗe gafaka, ka naɗe fatar a juye. Uwarka na ta ramewa, ta yini ɗaki da hoton ga, na ce in ban karɓe shi ba ita da shi duka za su ƙare. Fata na yanka mishi, shi ke nan aikin wuƙar." Na ce, "Baba, don me ba ka faɗa mini ba?" Ya ce, "In tona uwarka gaban ɗanta na fari?" Ya ɗauki igiyarsa. Na ce ya yafe mini, na faɗa sau uku. Ya ce ya yafe tun ban san ina laifi ba. Da na roƙe shi in ɗauke shi hoto da waya, mutumin da ya rantse ba mai ɗaukar sa yana raye, sai ya gyara hula, ya ce, "Yi maza kafin wani ya shigo."

Sati guda na yi ina aikin, ba maɓalli, da hannu. Na ɗauko kuncin hagu na Baba Illa na shimfiɗa bisa farin wurin, na rage masa tsufa, na daidaita hasken da na ɗaya ɓangaren, tsaga ta hau kan tsaga kamar dama can wurinta ne. Asalin kuwa na mayar cikin fatarsa, ban taɓa sawun yatsan nan ba kuma ba zan taɓa ba. Sabon na buga shi babba, na sa shi a injin da ke manna leda gaba da baya, irin yadda ake yi wa kardanti. Da na je gida da shi, Inna ta kai shi dab da idonta, ta daɗe tana duba. Ba ta ce shi ne ba, ai ba za ta ce ba. Babban yatsanta dai ya taso a hankali ya nufi kuncin, sai ya tsaya a sama. Na ce wa Hassana da ke kusa, da ƙarfi yadda za a ji, wannan ko cikin randa ya faɗa ba abin da zai same shi. Na tashi na fita duba awaki.

Yanzu wayata cike take da hotunan ƴaƴana, na suna, na Sallah, na ranar shiga lakwal, har nakan goge wasu don wuri ya samu, kuma babu ɗaya da wani ya taɓa shafawa har ya cinye. Mu hoto ɗaya muka samu, mutum uku muka rayu a kansa, kowa da abin da ya ɓoye. Idan na je gida ina zama a zaure in taya Baba Illa tufka, ina kallon sa har ya ce in kauda ido na ishe shi. Wani lokaci nakan tuna inuwar gawon nan, da kwaryar hura, da yaron da ya sunkuyar da kai yana jin zafin rashin fuskar ubansa, alhali tana zaune gabansa tana rage masa hura. Hoton ya gyaru. Shekarun nan ne ban san yadda ake gyara su ba.